Damisar da Ba a Gani Ba: Yadda Ƙarancin Kuɗi Ya Koya wa Fim Tsoratarwa da Sauti

A shekarar 1942 kamfanin shirya finafinai na RKO da ke Hollywood ya shiga tsaka mai wuya. Ya zuba kuɗi masu yawa a finafinai biyu na Orson Welles, Citizen Kane da The Magnificent Ambersons, waɗanda masana suka yaba amma kasuwa ba ta mayar da uwar kuɗinsu ba. A gefe guda kuma kamfanin Universal yana kwasar riba da dodanni, tun daga Dracula da Frankenstein na 1931 har zuwa The Wolf Man na 1941. Sai sabon shugaban RKO a ɓangaren shirya fim, Charles Koerner, ya buɗe wani ƙaramin sashe na finafinan ban tsoro, ya damƙa shi a hannun Val Lewton.

An haifi Lewton a Yalta, cikin daular Rasha, a 1904, ya tashi a Amurka, ya yi aikin jarida da rubutun littattafai, sannan ya shekara da shekaru yana duba labarai a ofishin furodusa David O. Selznick. Sharuɗɗa uku aka gindaya masa. Kada fim ya ci fiye da dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai zaɓi sunan fim tun kafin a rubuta labari. Sunan farko da aka miƙa masa shi ne Cat People, wato mutanen kyanwa. Abin da shugabanni suke jira a fili yake: ɗan wasa sanye da fatar dabba, da haƙora da farata, yana bin mace tana kururuwa.

Lewton ya san kuɗin hannunsa ba za su sayi dodon da zai tsorata kowa ba. Dodon araha dariya yake jawowa. Shi da darakta Jacques Tourneur, mutumin Faransa, da marubuci DeWitt Bodeen suka tsara labarin Irena, wata baƙuwa 'yar Sabiya mai zanen tufafi a birnin New York. Ta yi imani cewa ta fito daga zuriyar matan wani ƙauye da ke rikiɗewa su koma damisa idan sha'awa ko kishi ya motsa su. Ta auri wani injiniya mai suna Oliver, amma tsoron abin da ke jininta ya hana ta kusantarsa, har zuciyarsa ta karkata ga abokiyar aikinsa Alice. Wanda ya tashi yana jin labarin mutanen da ke rikiɗa su zama kura da dare ba zai ji baƙon abu a nan ba. An ɗauki fim ɗin cikin 'yan makonni tsakanin Yuli da Agustan 1942, har da aron matakalar benen da aka gina wa fim ɗin Welles.

Tun kafin wani abin tsoro ya faru, fim ɗin yana tarbiyyar kunnen mai kallo. Ɗakin Irena yana kusa da gidan namun daji, da dare tana jin rurin zakuna, kuma ta ce yana kwantar mata da hankali. Ta shiga shagon sayar da tsuntsaye da dabbobin gida, wurin ya rikice da kuka, ta fita aka yi tsit. A walimar aurenta wata baƙuwa mai fuskar kyanwa ta matso ta kira ta 'yar'uwa da harshen Sabiya. Muryar da aka ɗora wa baƙuwar kuwa ta Simone Simon ce, jarumar da ta fito a matsayin Irena, don haka kamar kanta ce take kiran kanta.

Fage biyu ne suka ba fim ɗin matsayinsa a tarihi. A na farko, Alice tana tafiya ita kaɗai da dare a wata hanya da ta ratsa lambun Central Park, katangar dutse a gefenta, fitilu jefi-jefi. Babu kiɗa ko kaɗan. Ana jin ƙwas-ƙwas na takalminta, ana jin na Irena a baya. Can sai sawu na biyu ya ɗauke. Alice ta waiga, ba kowa. Ta ƙara sauri. Sai wani gurnani ya taso ya fashe da huci, ashe motar bas ce ta taka birkin iska a gabanta. Mark Robson ne ya yanka ya haɗa wannan fage, kuma har yau masu sana'ar suna kiran irin wannan firgitarwa da sunan bas ɗin Lewton. A na biyu, Alice tana cikin ruwan ninƙaya a ƙasan wani gini, haske a rage, inuwar ruwa tana rawa a bango. Gurnani da ihunta suna amsa-kuwwa ta kowace kusurwa, ba a san inda dabbar take ba. Aka kunna fitila sai ga Irena tsaye cikin natsuwa. Bayan ta tafi aka tarar da rigar wankan Alice a yayyage.

Dalilin tasirin wannan dabara yana cikin halittar ɗan Adam. Ido yana da murfi, kuma gabansa kawai yake gani. Kunne a buɗe yake ta ko'ina, barci ma ba ya rufe shi. Abin da ido ya gani yana da iyaka, an san girmansa da nisansa. Sautin da ba a ga mai shi ba kuwa yana tilasta wa mai sauraro ya ƙera mai shi da kansa, da kayan tsoron da ya tara tun yarinta. Haka Dodon tatsuniya yake: babu yara biyu da suka taɓa siffanta shi iri ɗaya. Masu kallo na 1942 ma sun riga sun saba, domin zamanin rediyo ne. A 1938 Welles ya firgita masu sauraro da wasan kwaikwayon mamayar halittun duniyar Mars, kuma shirin Inner Sanctum yana buɗewa da ƙarar ƙofa mai tsatsa. Lewton ya kai darasin rediyo cikin sinima.

Shugabannin RKO ba su gamsu ba da farko, har suka matsa a nuna damisar a fili a wani fage na ofis. Tourneur ya bi umarni, amma ya lulluɓe ta da duhu. Da fim ɗin ya fita a Disamban 1942 ya mayar da kuɗinsa da riba mai kauri, bakin masu suka ya mutu. Sashen Lewton ya ci gaba har 1946 da finafinan ban tsoro guda tara. A cikin The Leopard Man na 1943 an kashe yarinya a bayan ƙofar gidansu: mai kallo yana ciki tare da uwar, yana jin bugu da ihu, sannan ya ga jini yana gangarowa ta ƙasan ƙofa.

Wanda ya kai dabarar nesa shi ne Robert Wise, wanda ya fara sana'a a RKO a matsayin mai haɗa sauti, ya kuma samu damar ba da umarni ta farko a hannun Lewton. A fim ɗinsa The Haunting na 1963 ba a nuna fatalwa ko sau ɗaya ba. Bugu ne ke bin bango ɗaki bayan ɗaki har ya tsaya a ƙofar mata biyu. Wise yakan kunna sautin a wurin ɗauka domin 'yan wasa su firgita a kan gaɓa. A 1999 The Blair Witch Project, wanda aka ɗauka da ƙaramin jari, ya samu kusan dala miliyan 250 da ƙarar itace a daji da muryoyi a bayan tanti.

Sai dai kuskure ne a ɗauka talauci kaɗai ya haifi wannan fasaha. Hollywood ta fitar da finafinan araha barjat a waɗannan shekaru, kuma yawancinsu an manta da su. Bambancin Lewton shi ne ya san inda zai kashe ɗan abin da yake da shi: a rubutu, a haske, a lissafin tsawon shiru kafin birki ya yi huci. Mai shirya fim da ƙaramin jari, a ko'ina yake, yakan sayi kyamara mai kyau ya bar sauti sai a ƙarshe, alhali nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa.

Lewton bai ci moriyar abin da ya shuka ba. Bayan ya bar RKO ya yi ta yawo tsakanin kamfanoni ba tare da nasara ba, ya rasu da ciwon zuciya a 1951 yana da shekara 46. A 1993 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sanya Cat People cikin finafinan da ƙasar za ta adana.