Majigi da Gwagwarmayar Talaka: Waiwaye Adon Tafiya

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce mu waiwayi yadda masu mulki da masu dukiya suka riƙi fim a matsayin makami a duk lokacin da talaka ya ɗaga murya.

A shekarar 1939 ne gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya taɓa aikin kiwon lafiya a Legas. Motocin majigi sun riƙa zaga garuruwan Jihar Arewa, wadda ƙasarmu ta Lafiya da ƙauyukanta irin su Adogi suke cikinta a wancan zamani. A kafa farin ƙyalle a dandali bayan magariba, a nuna tsafta da noman auduga, daga baya kuma rangadin Sardauna Ahmadu Bello.

To, amma a ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, tana kukan haraji da jangali da zaluncin 'yan dokar En'e. Majigi kuwa kayan hukuma ne, don haka abin da hukuma ta gina yake nunawa, ba wanda ta ɗaure ba. Wannan shirun shi kansa hukunci ne.

A wasu ƙasashen, suka ake yi ƙiri-ƙiri. Bayan zanga-zangar adawa da jari-hujja da aka fara a Wall Street ta birnin New York a 2011, Stephen Bannon ya fito da fim ɗin Occupy Unmasked a 2012, inda ya siffanta masu boren da 'yan ta-da-zaune-tsaye.

A gida kuwa, cire tallafin mai a ranar 1 ga Janairu 2012 ya ɗaga farashin lita daga naira 65 zuwa kimanin 141, jama'a suka cika tituna har aka sauko da shi 97. Fim ɗin Ishaya Bako, Fuelling Poverty, ya ba masu zanga-zangar bakin magana, sai hukumar tace finafinai ta ƙasa ta haramta nuna shi a 2013.

Ashe ke nan dabarun uku ne: a yi shiru da kai, ko a ɓata maka suna, ko a toshe bakin mai ba da labarinka. Saboda haka ya wajaba a kanmu ɗalibai, kafin mu ɗauki wani fim a matsayin hujjar tarihi, mu tambayi wanda ya biya kuɗin ɗaukarsa, da kuma wanda aka bari a bayan kyamara.