Sana'ar zana labari a ƙasar Hausa: Yadda mai zaman kansa ke aiki

Littafin labari cikin zane, wanda wasu ke kira komik, shi ne littafin da ake ba da labari a cikinsa ta hanyar jera zane gida-gida, tare da rubuta maganar kowane mutum a cikin ɗan da'ira kusa da bakinsa.

Ya bambanta da zanen barkwanci na jarida, wanda galibi hoto ɗaya ne da ke tsokaci kan wani lamari na yau da kullum.

A ƙasashe irin su Amurka da Faransa da Japan, wannan sana'a ce babba mai kamfanoni da ma'aikata. Amma a arewacin Najeriya, wanda duk ya ɗauke ta yakan sami kansa shi kaɗai: shi ne marubuci, shi ne mai zane, shi ke biyan kuɗin ɗab'i, kuma shi ne ɗan talla.

Ga matashin da ke da baiwar zane a garuruwa irin su Kankia da Kusada a tsakiyar jihar Katsina, koyon zanen ne ɓangare mafi sauƙi. Babbar jarrabawa ita ce yadda zanen zai fita daga ɗakinsa ya isa hannun mai karatu, har ya dawo masa da abin sakawa a bakin salati.

Yadda ake aikin

A manyan kamfanonin Amurka irin su Marvel da DC, akan raba aikin littafi ɗaya tsakanin mutane kusan biyar. Wani ya rubuta labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, sannan wani ya rubuta maganganu.

Littafin da ke fitowa wata-wata a can yakan ƙunshi shafi 20 zuwa 22 na labari, kuma ƙwararren mai fensir yakan kammala kimanin shafi ɗaya a rana.

Mai zaman kansa kuwa, duk waɗannan matakai a wuyansa suke. Yakan fara da tsara labarin, sannan ya yi ƙananan zane na gwaji domin ya ga gida nawa kowane shafi zai ɗauka da kuma inda magana za ta zauna. Bayan nan ne zai shiga zanen gaske.

Saboda haka littafin da kamfani zai fitar cikin wata guda, shi yana iya cinye masa watanni, musamman da yake akasari da dare ko a ƙarshen mako yake samun zama.

Akwai kuma matsalolin da suka keɓanta ga Hausa. Yawancin salon haruffan kwamfuta da aka ƙera domin irin waɗannan littattafai ba su da ƙ da ɗ da ɓ, don haka sai mai zane ya rubuta da hannu ko ya lanƙwasa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma ya zaɓi rubutun ajami, dole ya jera gidajen zanen daga dama zuwa hagu.

Inda aka faro

Zane a cikin littafin Hausa ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a shekarar 1937, zai tuna da zane-zanen da ke cikinsa.

A wancan zamani hukuma ce ke ɗaukar nauyin ɗab'i. A Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga littattafan yaƙi da jahilci da jaridun larduna, ciki har da Himma ta lardin Katsina. Kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966.

A Zariyar ce kuma wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu a 1958 a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Sashen koyar da zane na jami'ar yana daga cikin mafi daɗewa a ƙasar.

A kudancin Najeriya kuwa, Akinola Lasekan ya yi suna tun shekarun 1940 da zanen barkwanci a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. A 1976 Wale Adenuga ya fara buga mujallarsa ta Ikebe Super, wadda daga cikinta aka sami Papa Ajasco da ya koma wasan talabijin.

Matasan biranen arewa ma sun san irin wannan karatu. A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, mujallar African Film mai ɗauke da labarin jarumi Lance Spearman ta karɓu a Najeriya, ko da yake da hotunan kyamara aka jera labarinta.

Darasin marubutan Kano

Hanyar da mai zaman kansa ke bi a yau, marubutan Hausa ne suka share ta tun tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya.

Marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun riƙa kai littattafansu maɗaba'a da kuɗinsu, su kuma rarraba su ga 'yan kasuwa. Daga Kano littattafan ke bazuwa zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna, har Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

Wannan harka ta samar wa masu zane aiki, domin bangon yawancin littattafan farko da hannu aka zana shi. Sai dai bayan bunƙasar finafinan Hausa da shigowar kwamfuta, hotunan kyamara sun maye gurbin zanen hannu a bango da yawa.

Abin da marubutan suka nuna shi ne, Bahaushe zai sayi littafi da harshensa idan labarin ya ja hankalinsa kuma farashin bai fi ƙarfinsa ba. A nan ne mai zane ke gamuwa da cikas, domin littafinsa ya fi na marubuci tsadar bugawa.

Ɗab'i da kasuwa

Shafin rubutu baƙi da fari, faranti ɗaya yake buƙata a injin ɗab'i. Shafi mai launi kuwa sai faranti huɗu, da takarda mai kauri wadda tawada ba za ta huda ba.

Takardar kuma daga waje ake shigo da akasarinta, tun bayan durƙushewar masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Don haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kamar yadda ya faru bayan sauya tsarin canjin kuɗi a watan Yunin 2023, kuɗin ɗab'i kan tashi.

Ƙa'idar maɗaba'a ita ce, gwargwadon yawan kwafin da aka buga, gwargwadon sauƙin kuɗin kowane ɗaya. Wanda ya buga kaɗan, littafinsa zai yi tsada. Wanda ya buga da yawa kuma, jarinsa zai kwanta a cikin kwali.

Garin Kankia yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Katsina, Kusada kuma maƙwabciyarta ce. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Kankia na da mutane fiye da dubu 150, Kusada kuma kusan dubu 100. Masu karatu dai akwai su, musamman ɗaliban sakandare, amma manyan maɗaba'u da dillalan littattafai suna birane ne kamar Kano da Kaduna da Zariya.

Ke nan sai mai zane ya yi tattaki ya kai aikinsa, ya koma ya duba gwaji, ya sake komawa ya ɗauko kaya. Dillalai kuma sun saba karɓar littafi bashi, sai an sayar a biya, abin da ba a saya ba a mayar wa mai shi.

Me ke ciyar da mai zane?

A ko'ina a duniya, ƙalilan ne daga cikin masu zaman kansu ke rayuwa da cinikin littattafansu kaɗai. A arewacin Najeriya mai zane yakan dogara ne da wasu ayyuka: koyarwa a makaranta, rubuta allon shago, zanen jikin manyan motoci, zana hoton mutum domin kyauta, ko tsara katin biki da fastar 'yan siyasa.

Ko a nan ma injinan buga manyan tutocin talla sun rage wa masu buroshi da fenti kasuwa, abin da ya tilasta wa da yawa koyon aiki da kwamfuta.

Wata kafa ita ce ta hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji, waɗanda kan nemi zane domin wayar da kai kan rigakafi ko tsafta ko karatun 'ya'ya mata. Irin wannan aiki yakan fi biya, sai dai saƙon na mai kuɗin ne, kuma da zarar shirin ya ƙare aikin ya ƙare.

Aikin jarida shi ne ya fi fito da sunan mai zane. Mustapha Bulama, alal misali, ya shahara ne da zanen barkwancinsa kan siyasa a jaridar Daily Trust. Amma irin wannan gurbi bai taka kara ya karya ba, domin jarida ba ta ɗaukar masu zane da yawa.

Addini da al'ada

Tambayar da mai zane Musulmi kan fara fuskanta, sau da yawa daga cikin gidansu, ita ce hukuncin zana abu mai rai.

Akwai hadisai a Bukhari da Muslim da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surori, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai.

Malamai sun yi saɓani kan iyakar hanin. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, shi ne cewa haramcin ya shafi cikakkiyar sura mai jiki da inuwa, kamar gunki, yayin da zanen da ke shimfiɗe a takarda bai kai matsayin haram ba, ko da yake ana karhanta shi a wasu halaye. Wasu malaman kuma sun haramta duka biyun.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan muhawara ba. A 2006 wani ɗan Kuwaiti, Naif Al-Mutawa, ya fara fitar da The 99, labarin jarumai da aka gina halayensu kan ma'anonin sunayen Allah kyawawa. Ya sami yabo a ƙasashe da dama, amma a 2014 malamai a Saudiyya suka ba da fatawar da ta yi tir da shi.

Akwai kuma batun tacewa. Jihar Kano, inda kasuwar take, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, wadda daga baya ta faɗaɗa aikinta zuwa littattafai. A 2007 an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Mai zane ya san cewa suturar da ya sa wa mace a shafi ɗaya tana iya janyo masa abin da dogon rubutu bai janyo wa marubuci ba.

Haƙƙin mallaka

Babban abin da mai zaman kansa ya fi ma'aikacin kamfani da shi shi ne, jaruman da ya ƙirƙira nasa ne.

Masu wannan sana'a ba sa manta labarin Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da Superman kan dala 130 a 1938, suka kuma shafe shekaru suna shari'a yayin da kamfani ke kwasar miliyoyi. Irin wannan ne ya sa wasu fitattun masu zane suka fice daga Marvel a 1992 suka kafa Image Comics, inda kowa ke riƙe da mallakar aikinsa.

A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 tana kare zane da rubutu tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa. Babban ɗakin karatu na ƙasa ne ke ba da lambar littafi ta ISBN. Sai dai doka ba ta hana a ɗauki hoton shafuka da waya a watsa su kyauta, kuma bin kadin hakan a kotu ya fi ƙarfin yawancin masu zane.

Zamanin intanet

Intanet ta sauya lissafin, domin launi a fuskar waya ba ya cin faranti ko takarda.

A Legas, Ayodele Elegba ya fara taron baje kolin Lagos Comic Con a 2012, Jide Martin kuma ya kafa Comic Republic a 2013, yana sakin littattafansa kyauta a intanet. Kamfanin Kugali ya haɗa gwiwa da Disney suka fitar da shirin Iwájú a 2024.

Roye Okupe, ɗan Najeriya mazaunin Amurka, ya fitar da Malika, labarin wata sarauniya mayaƙiya da aka samo tushensa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma a 2021 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dark Horse. Da Turanci aka rubuta littafin.

A nasu ɓangaren, marubutan Hausa sun riga sun koma sayar da labaransu kashi-kashi ta WhatsApp, inda mai karatu ke tura kuɗi ta banki kafin a sa shi cikin zaure. Mai zane a Kankia ko Kusada na iya bin wannan hanya ba tare da ya je Kano ba, muddin yana da waya mai kyau da wutar caji da kuɗin data.

Amma dandalin intanet ma ba shi da tabbas. OkadaBooks, wanda marubutan Najeriya da dama suka dogara da shi, ya rufe a ƙarshen 2023.

Labaran da za a zana dai ba su yi ƙaranci ba, daga Bayajidda da rijiyar Kusugu a Daura, zuwa Gizo da Ƙoƙi, zuwa rayuwar kasuwa da makarantar allo. Abin da ya rage shi ne samun masu saye da yawan da zai ba mai zane damar ajiye allon shago na ɗan lokaci, ya zauna ya kammala littafi na biyu.