Ƙara Ƙarfin Sola a Gida da Sabunta Wayarin: Bayani ga Magidanta

Gidaje da dama a jiharmu sun fara amfani da wutar sola ne da faranti ɗaya ko biyu, domin kunna fitilu da cajin waya. Da tafiya ta yi tafiya, sai bukata ta ƙaru, aka sayo firij da fanka da injin jan ruwa. A nan ne magidanta kan ƙara faranti, su bar tsofaffin wayoyi yadda suke. Muna jan hankalin jama'a cewa wannan na daga cikin abubuwan da ke haddasa gobara da mutuwar batura.

Dalilin sabunta wayoyi

Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ɗauka. Idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu, zafin da take yi yakan ninka sau huɗu. Misali, kayan da ke cin wat 1,200 suna jan kusan amfiya 100 daga batir mai bolt 12, amma amfiya 25 kacal suke ja a tsarin bolt 48. Saboda haka muke ba da shawarar cewa gidan da bukatarsa ta haura wat 1,000 ya koma tsarin bolt 24 ko 48. Yin hakan yana bukatar sauya inbata da wadda ta dace da sabon tsarin. A sayi waya ta jan ƙarfe zalla, domin akwai ta alminiyam da ake shafa wa jan ƙarfe a sama.

Faranti da na'urar daidaita caji

Idan aka jera faranti ɗaya bayan ɗaya, bolt ne ke ƙaruwa. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, amfiya ce ke ƙaruwa. Wajibi ne a duba iyakar da aka rubuta a jikin na'urar daidaita caji, a bar rata, domin bolt na faranti yakan hau da sanyin safiyar hunturu. Na'urar MPPT ta fi ta PWM tatsar wuta daga faranti. A arewacin Nijeriya ana fuskantar da faranti kudu, a karkata shi da digiri 10 zuwa 15, a riƙa share ƙura.

Batura

Kada a haɗa sabon batir da tsoho, ko na ruwa da na litiyam, domin mai rauni yakan janyo lalacewar mai ƙarfi. Batir na ruwa ba ya son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, kuma zafi yana rage masa kwana. A ajiye shi a inuwa, inda iska ke shiga.

Matakan kariya

1. Wajen kwancewa, a fara cire faranti kafin batir. Wajen haɗawa, batir ne farko.
2. A sa fis kusa da batir, da makashin wuta irin na DC tsakanin faranti da na'urar caji. Na wutar gida bai dace da wurin ba.
3. A binne sandar ƙarfe a ƙasa, a haɗa ta da firam ɗin faranti da inbata.
4. A sa makunnin sauya layi, don kada wutar gida ta koma layin kamfani ta halaka ma'aikacin da ke kan turke.

Wa ya kamata ya yi aikin?

Hukumar NEMSA, wadda aka yi dokar kafa ta a 2015, ita ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Muna kira ga magidanta da su nemi ganin wannan takarda kafin su ba da aiki, su kuma karɓi zanen yadda aka haɗa wayoyin, su adana shi domin gyara na gaba. Rigakafi ya fi magani.