Ladabin yi wa baƙo tambaya a yammacin Zamfara

A Anka da Gummi da Bukkuyum, ba a yi wa wanda ba a sani ba tambaya kai tsaye.

Akan fara da sallama, a gaisa, kana a ce "don Allah tambaya nake." Dattijo Baba ake kiransa, tsohuwa Inna, basarake kuwa "ranka shi daɗe", bisa karin harshen yankin.

Baƙo namiji a zaure yake tsayawa har maigida ya fito. Wannan ƙa'ida ta shafi ma'aikatan lafiya da suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma lokacin annobar gubar dalma ta 2010.

A Japan ma da "sumimasen", wato gafara dai, ake buɗe tambaya, amma ba a doguwar gaisuwa.