Milonga

milonga (suna, mace). 1. Taron rawar tango da ake yi da dare a Buwenos Aires ta ƙasar Ajantina da Montebideyo ta ƙasar Uruguwai, inda rawar ta samo asali a ƙarshen ƙarni na 19. Bibbiyu ake taka ta, ƙirji kusa da ƙirji, ɗaya na ja, ɗaya na bi. Ana sa kiɗa uku ko huɗu a jere, wato *tanda*, sai a saka wani ɗan kiɗa na daban, *kortina*, kowa ya koma kujerarsa. Ba a zuwa gaban mutum a roƙe shi rawa. Ido ake haɗawa daga nesa, namiji ya ɗan gyaɗa kai. In mace ba ta so, sai ta kau da ido. Ta haka ba a kunyata kowa a gaban jama'a. Masu rawa suna zagaya fili akasin juyawar hannun agogo, ba a tsallake na gaba. Ba a koyarwa a nan: gyara wa abokin rawa taku a tsakiyar fili rashin kunya ne. Sabon shiga yana zuwa *praktika*, taron gwaji, inda malami yake fara koya masa tafiya da runguma kafin adon ƙafa. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya tango cikin al'adun gado na duniya.

2. Wani kiɗa mai sauri, ɗan'uwan tango, da rawarsa.

*Misali:* Tun da ta koyi taku, ba ta fashin milongar unguwarsu ranar Asabar.