Jam'i a Kan Jam'i: Tarihin Kalmar Children

Mai koyon Turanci yakan fara da ƙa'idar ƙara harafin s don gina jam'i, sai ya ci karo da children, jam'in child, wato yaro, ya ɗauka bauɗiya ce marar dalili. Alhali kalmar ta bi ƙa'ida har sau biyu. Ƙa'idojin ne suka mutu suka bar ta.

A tsohon Turanci, kafin Normawa su ci Ingila a 1066, kalmar ita ce cild, ɗaya daga cikin jam'inta kuma cildru. Wannan ɗafi mai harafin r ba nata ba ne ita kaɗai, domin jam'in lamb, ɗan rago, lambru ne. Jamusanci yana riƙe da tsarin har gobe, shi ya sa ake cewa Kinder, wato yara. Daga cildru aka sami childer, wadda ta daɗe a karin harshen arewacin Ingila da Ayalan.

A kudancin Ingila kuwa, ɗafin en ne ya yi tashe a tsakiyar zamani, irin wanda ya rage a oxen, jam'in ox, wato sa. Da kunnen jama'a ya daina jin r a matsayin alamar yawa, sai suka liƙa mata en. Haka children ta wayi gari da alamar jam'i biyu. Mutanen Holan ma sun yi hakan a kinderen, kuma Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda daga maza ya fitar da mazaje, daga mata ya fitar da mataye.

To, me ya hana s ta haɗiye ta kamar yadda ta mayar da lambru lambs? Yawan amfani. Kalmar da yaro ke ji kullum a bakin uwarsa haddace ta yake yi sukutum, tun bai san wata ƙa'ida ba. Wadda ba a cika furtawa ba ita ce ke miƙa wuya ga tsarin gama-gari.

Saboda haka ɗalibin da ya rubuta childrens ya yi kuskure a daidaitaccen Turanci, amma ba da ka ya yi ba: abin da Turawan kudu suka yi ne ya maimaita. Malamin da ya nuna masa wannan tarihi ya fi wanda ya tsaya ga jan biro amfani.