Taƙaitaccen tarihin Adam Vinatieri

Adam Vinatieri tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka ne, wanda ya shafe kakar wasa 24 yana buga ƙwallo a gasar NFL. Shi ne ya fi kowane ɗan wasa tara maki a tarihin gasar, inda ya samu maki 2,673.

A wasan ƙwallon Amurka, yawanci da hannu ake ɗaukar ƙwallon ko a jefa ta. Amma kowace ƙungiya tana da mutum guda wanda aikinsa shi ne ya bugi ƙwallon da ƙafa daga ƙasa, ta wuce tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, a saman sandar da ke kwance mai tsayin ƙafa 10. Idan ya yi nasara a tsakiyar wasa, ƙungiyarsa kan samu maki uku. Sau da yawa dai wannan bugu ne ke raba gardama a ƙarshen wasa.

Farkon rayuwarsa

An haifi Vinatieri ranar 28 ga watan Disamba na shekarar 1972 a garin Yankton da ke jihar South Dakota, ya kuma tashi a Rapid City. Ya yi karatu a jami'ar South Dakota State, inda ya buga wa ƙungiyar makarantar wasa.

Babu wata ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi a lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa. Saboda haka sai ya tafi ƙasar Holland, ya buga wa Amsterdam Admirals a shekarar 1996. A cikin shekarar ce ƙungiyar New England Patriots ta ɗauke shi.

Shekarunsa a Patriots

Sunansa ya fara fita ne ranar 19 ga watan Janairun 2002, a karawar da Patriots ta yi da Oakland Raiders cikin dusar ƙanƙara. Saura ƙiris a tashi, Vinatieri ya bugi ƙwallo daga nisan yadi 45 ya kawo kunnen doki, sannan a ƙarin lokaci ya sake bugawa daga yadi 23, ƙungiyarsa ta yi nasara.

Makonni biyu bayan haka, a wasan ƙarshe na Super Bowl a birnin New Orleans, ya ci daga nisan yadi 48 daidai lokacin da agogo ya cika. Patriots ta doke St. Louis Rams da ci 20 da 17, wanda shi ne kofinta na farko.

Ya maimaita hakan a shekarar 2004 a birnin Houston, inda ya ci daga yadi 41 ana saura daƙiƙa huɗu, aka lallasa Carolina Panthers da ci 32 da 29. Ƙungiyar ta sake ɗaukar kofin a 2005 bayan ta doke Philadelphia Eagles.

Komawa Indianapolis

A shekarar 2006 Vinatieri ya koma Indianapolis Colts. A kakarsa ta farko a can ne ya ɗauki kofin Super Bowl na huɗu, bayan da Colts ta doke Chicago Bears da ci 29 da 17 a watan Fabrairun 2007.

Tsakanin 2015 da 2016 ya kafa tarihin cin bugu 44 a jere ba tare da ya ɓarar da ko ɗaya ba. A watan Oktoban 2018 kuma ya wuce Morten Andersen, wanda a da yake riƙe da kambun yawan maki da 2,544.

Kakarsa ta ƙarshe a 2019 ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya ɓarar da bugu da dama, sannan ciwon gwiwa ya tilasta masa dakatar da wasa a watan Disamba, yana ɗan shekara 46. A shekarar ce aka sa sunansa cikin jerin gwarzayen 'yan wasan da NFL ta zaɓa domin bikin cikarta shekara 100.

Vinatieri ya bayyana yin ritaya a watan Mayun 2021, bayan ya ci bugu 599 mai maki uku a wasannin lig.